New Lanark: garin da mai masaƙa ne sarki, shi ne kuma alƙali

A farkon ƙarni na 19, duk wanda ya shiga masana'antar auduga ta New Lanark da ke ƙasar Sikotlan zai ga wani ɗan guntun katako rataye kusa da kowane ma'aikaci. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Fuskarsa huɗu, kowace da launinta: baƙi, shuɗi, ɗorawa da fari. Kullum mai duba aiki zai zo ya juya katakon gwargwadon halin da mutum ya nuna jiya. Baƙi, ka yi abin kunya. Shuɗi, ba yabo ba fallasa. Ɗorawa, ka yi ƙoƙari. Fari kuwa sai son barka. Manajan wurin, Robert Owen, in ya zo ratsa ɗakunan, sai ya dubi mutum, ya dubi katakonsa, ya wuce bai ce uffan ba. Ba bulala, ba zagi, a zamanin da dukan yara a masana'antun Birtaniya ba abin a tsaya tambaya ba ne.

Wannan katako shi ne garin gaba ɗaya a dunƙule. Masu yabon Owen kan ce ku duba, ya kawar da bulala. Masu sukarsa kan ce ku duba, ya rataya wa baligi hukuncinsa a ka, kowa na gani. Dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da aka fi mantawa shi ne, mutumin da ke kallon katakon nan shi ne mai gidan da kake haya, shi ne mai kantin da kake awo, shi ne mai makarantar da 'ya'yanka ke zuwa, kuma shi ke cewa ƙarfe kaza kowa ya shige ɗaki.

Garin ba shi da tarihi kafin masana'antar. Wani kwazazzabo ne a bakin kogin Clyde, tazarar kusan kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Glasgow, ƙasa da tsohon garin Lanark. Abin da wurin ke da shi ɗaya ne: kogin yana faɗowa daga kan duwatsu da ƙarfi. A lokacin injin tururi bai kankama a harkar auduga ba, don haka ruwa ke juya injuna, kuma dole masana'anta ta bi ruwa duk inda yake, ko da babu ɗan Adam a wurin. A 1785 wani attajirin Glasgow mai suna David Dale ya haɗa hannu da Richard Arkwright, Baturen Ingila da ya shahara da injin kaɗi mai amfani da ruwa, suka soma gini. An fasa dutse aka haƙa rami, aka janyo ruwan ta magudana zuwa manyan wilolin da ke juya injunan. A 1786 aka fara aiki. Haɗin gwiwar bai daɗe ba, Dale ya ci gaba shi kaɗai.

A bakinmu duk masana'antar auduga masaƙa ce, amma abin da ake yi a New Lanark a wancan lokaci kaɗi ne. Aikin da tsohuwa ke yi da mazari da taskira, tana shafa alli a yatsa tana murzawa, shi ne inji ke yi da dubban mazarai a lokaci guda. Zaren ake sayar wa masaƙa a wasu wurare, har ƙasashen waje.

Gina masana'anta a daji abu ne mai sauƙi in kana da kuɗi. Samun masu aiki shi ne jidali. Mutanen karkarar Sikotlan na ganin shiga irin wannan dogon gini daga asuba zuwa dare tamkar shiga kurkuku ne, ba su so. Sai Dale ya nemo hannu ta hanya biyu. Ta farko, talakawan tsaunukan arewa da masu filaye ke kora daga gonakinsu. A 1791 wani jirgin ruwa mai suna Fortune da ya kwaso 'yan ƙaura daga tsibirin Skye zai kai su Amurka ya gamu da guguwa, ya fake a tashar Greenock. Dale ya aika aka yi musu tayin aiki da gida, wasu suka karɓa. Har yau akwai layin gidaje a garin da ake kira Caithness Row, sunan wani yanki na can arewa. Hanya ta biyu, yara. Ya riƙa kwaso marayu da 'ya'yan matalauta daga gidajen gajiyayyu na Edinburgh da Glasgow, wasu ba su wuce shekara shida ko bakwai ba. Ba a biyansu albashi. Ci da sha da sutura da wurin kwana da karatun dare, shi ke nan. Zuwa ƙarshen ƙarnin yawansu ya doshi 500. Suna shiga aiki ƙarfe 6 na safe su tashi 7 na yamma, sannan a zaunar da su a aji bayan cin abinci.

Ya kamata a yi wa Dale adalci. Mutum ne mai riƙo da addininsa, har wa'azi yake yi a cocinsu, kuma masu ziyara na zamaninsa sun shaida cewa yaransa sun fi na sauran masana'antu ƙoshi da tsafta. Ya shugabanci ƙungiyar Glasgow mai fafutukar hana cinikin bayi. Amma audugar da ake kaɗawa a wancan zamani bayi baƙar fata ke noma akasarinta a gandayen Amurka da tsibiran Karebiyan, kuma yaron da ya yini a tsaye cikin ƙurar auduga, me zai shiga kansa in an ba shi allo da dare? Abin da mijin 'yarsa, Robert Owen, ya gani ke nan.

Robert Owen ɗan Wales ne, an haife shi a Newtown a 1771, ɗan mai ɗinkin sirdi. Yana ɗan shekara goma ya bar gida ya shiga yaron kanti, bai fi shekara ashirin ba ya zama manajan wata masana'antar kaɗi mai ma'aikata 500 a Manchester. A 1799 ya auri Caroline, 'yar Dale, kuma shi da abokan kasuwancinsa suka sayi New Lanark a kan fam 60,000, biya cikin shekara ashirin. Ranar 1 ga Janairun 1800 ya kama ragama. Aƙidarsa guda ce, kuma ya maimaita ta har ya gundiri mutane: ba mutum ke ƙera halinsa ba, muhallinsa ke ƙera masa. In ɓarawo ne ko mashayi, to a duba gidan da ya tashi da aikin da yake yi. Gyara waɗannan, mutum zai gyaru. New Lanark ta zamar masa wurin gwaji, mutanen garin kuwa su ne abin gwajin, ko an tambaye su ko ba a tambaye su ba.

Da farko ba su yarda da shi ba. Baƙo ne, harshensa daban, kuma ya shigo da tsanani: ana caje ma'aikata don hana satar zare, ana cin tarar wanda aka kama a buge a titi, ana korar wanda ya ƙi ji, an sa masu sintiri da dare, an kafa dokar kowa ya kasance a gida da ƙarfe 10 da rabi a lokacin sanyi. An naɗa kwamitin da ke bi gida-gida yana duba tsafta, matan garin suka laƙaba musu suna mafarautan kuɗin cizo, wasu suka riƙa rufe musu ƙofa. Duk macen da aka taɓa leƙa mata ƙarƙashin gado da sunan duba-gari ta san abin da suka ji.

Abin da ya karya ƙanƙarar shi ne lokacin da rikicin kasuwanci tsakanin Amurka da Birtaniya ya tsayar da shigowar auduga, wajejen 1807. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'antu suka rufe suka sallami mutane. Owen ya tsayar da injuna amma ya ci gaba da biyan cikakken albashi har wata huɗu, ma'aikata ba abin da suke yi sai share injuna da sa musu mai. Shi da kansa ya rubuta cewa abin ya ci fam 7,000. Daga nan mutane suka saki jiki da shi. Ana iya cewa lissafi ne, domin wanda ya sha wahalar tara ƙwararrun ma'aikata a cikin kwazazzabo ba zai so su watse ba. To, ko lissafin ne, sauran masu masana'antu su ma sun iya lissafi, ba su yi ba.

Gyare-gyaren da suka sa sunan garin ya zaga duniya sun zo ne a hankali. Ya daina karɓo yaran gidajen gajiyayyu. Ya hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara goma aiki. Ya rage lokacin aiki zuwa ƙasa da awa goma sha ɗaya. Aka kafa asusun jinya, kowane ma'aikaci na zuba kashi ɗaya cikin sittin na albashinsa, da likita a garin. Kantin kamfani, wanda a wasu garuruwan tarko ne da ake kama ma'aikaci da bashi da gurɓataccen kaya, a nan aka mai da shi wurin da ake saro kaya masu kyau da yawa a sayar da ɗan rangwame, ribar kuma a zuba ta a makaranta. Wannan kanti na cikin abubuwan da suka zaburar da mutum 28 na garin Rochdale, akasarinsu masaƙa da masu sana'ar hannu, suka buɗe nasu a 1844, wanda daga shi ne tsarin ƙungiyoyin gama-kai ya bazu a duniya har ya iso Najeriya, inda aka yi masa doka a 1935. Sai dai akwai bambanci babba: kantin Rochdale na masu sayayya ne, kowa da ƙuri'arsa. Na New Lanark na kamfani ne.

Abokan kasuwancinsa ba su ga dalilin kashe kuɗi a kan 'ya'yan leburori ba. Sau biyu haɗin gwiwa na watsewa. A ƙarshen 1813 aka yi gwanjon masana'antar a Glasgow, abokan nasa na niyyar kwashe ta da araha su yar da shi. Ashe ya riga ya je Landan ya samo sababbin masu zuba jari, cikinsu har da masanin falsafa Jeremy Bentham da William Allen na ɗariƙar Kirista ta Quaker, waɗanda suka amince da ribar kashi biyar cikin ɗari. Suka saye ta a kan fam 114,100. Da ya dawo, mutanen garin suka kwance dawakin keken-dokinsa suka ja shi da hannunsu har cikin gari. Wannan labari ana ba da shi don nuna ƙauna, kuma ƙaunar ce. Ni dai abin da nake gani a cikinsa shi ne mutum sama da dubu biyu da makomarsu ta rataya a kan wanda ya fi ɗaga hannu a ɗakin gwanjo, ba su da ta cewa sai jiran labari.

Makarantar ce ta fi komai jan hankali. Ranar 1 ga Janairun 1816 ya buɗe wani gini da ya kira cibiyar gina hali. Da yaro ya iya tafiya ake karɓarsa, abin da ya sa ake lissafa ta cikin makarantun renon yara na farko a duniya, kuma hakan ya bai wa iyaye mata damar komawa bakin inji, wanda shi ma ba asara ba ne ga kamfani. Malaman ƙananan yaran ba masu takardar shaida ba ne: wani masaƙi mai haƙuri, James Buchanan, da wata budurwa 'yar garin, Molly Young. Umarnin da aka ba su shi ne kada su doki yaro, kada su tsorata shi, kada su dame shi da littafi tun bai kai ba. A bangon azuzuwan manya an rataya manyan zane-zanen dabbobi da taswirar duniya. Ana koyar da waƙa da rawa da fareti. Da dare kuma ginin ya koma na manya: darasi, lacca, kiɗa. Dubban baƙi suka riƙa zuwa kallo, har da ɗan sarautar Rasha Nicholas, wanda daga baya ya zama sarki, a 1816.

To ina jama'ar gari a cikin wannan tsari? Akwai wani abu mai kama da majalisa. An kasa garin unguwa-unguwa, magidanta su zaɓi wakili a kowace shekara, wakilan kuma su fitar da mutum 12 da za su riƙa zama wata-wata suna sauraron ƙararraki da saɓanin maƙwabta. Wanda yake ganin an zalunce shi a launin katakonsa yana da damar kai kuka wurin Owen. Ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da lebura ba shi da ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Amma dokokin da ake shari'a da su Owen ya rubuta, ɗaukaka ƙara wurinsa take ƙarewa, kuma hukunci mafi tsanani, wato kora, a hannunsa yake. Wanda aka kora daga aiki ya rasa ɗakin kwanansa a rana guda. Albashin garin ma bai kai na wasu masana'antun ba. Gida mai araha da kanti da makaranta su ke cike giɓin, su ne kuma ke sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani marubucin Ingila mai suna Robert Southey da ya ziyarci garin a 1819 ya rubuta cewa Owen na yaudarar kansa ne, domin ikon da yake da shi a kan mutanen nan bai bambanta sosai da na mai gandun bayi ba, illa dai su suna iya tafiya in sun so. Maganar ta yi zafi, amma tana da ƙamshin gaskiya.

Rabuwarsa da garin ta biyo ta kan addini. A watan Agustan 1817, a wani taro a Landan, Owen ya fito fili ya soki addinai gaba ɗaya, abin da ya sa manya da yawa suka ja baya da shi. Abokansa na Quaker suka fara sa ido a makarantar, kuma a 1824 suka tilasta masa sauye-sauye: a ƙarfafa karatun littafin addini, kamfani ya daina biyan malamin rawa, yara maza su sa wando maimakon ɗan gajeren tufafin da ake sa musu. A nan ma ba wanda ya tara iyayen yaran ya ji ra'ayinsu. Masu jari ne suka yi jayayya a kan tarbiyyar 'ya'yan wasu. Owen ya tattara ya nufi Amurka, ya sayi garin New Harmony a jihar Indiana a 1825 don kafa al'ummar da kowa daidai yake da kowa.

A nan ne lissafi ke rikicewa ga mai son amsa mai sauƙi. New Harmony, inda aka bai wa kowa baki, aka yi ta rubuta tsarin mulki ana sakewa, ba ta kai shekara uku ba ta wargaje, ta tafi da akasarin dukiyarsa. New Lanark mai shugaba ɗaya kuwa ta ci gaba da kaɗi sama da shekara 140 bayan tafiyarsa. Ba na jin wannan hujja ce cewa talaka bai iya mulkin kansa ba. New Harmony ta tara mutanen da ba su san juna ba, ƙwararrun masu aikin hannu sun yi ƙaranci, kuma babu wata sana'a guda mai kawo kuɗi da ta ɗaure su. New Lanark tana da kogi, tana da zare mai kasuwa, tana da ƙararrawar da ke tada kowa da asuba. Riba ce ta riƙe makarantar, ba kyakkyawar niyya kaɗai ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da armashi a littattafai. Iyalan Walker suka riƙe masana'antar har 1881, sannan ta koma hannun Henry Birkmyre na kamfanin igiya na Gourock, aka shigo da saƙar tamfol da komar kamun kifi. Tsarin nan na uba da 'ya'ya bai sauya ba. A 1898 kamfani ya ba kowane gida wutar lantarki kyauta daga injin ruwansa, tun kafin garuruwa da yawa su gan ta, amma ƙwai ɗaya mai dishi-dishi a ɗaki, kuma ƙarfe 10 na dare a kashe daga can, ranar Asabar a ƙara awa guda. Iyalai da yawa a ɗaki guda suke, da gado mai taya da ake turawa ƙarƙashin babban gado da rana a janyo da dare. Sai a shekarun 1930 aka sa famfo a cikin gidaje da bayan gida a kan matakala. Gidajen da suka zama abin kallo a 1816 sun zama abin tausayi.

A 1968 kamfanin ya rufe, mutum kusan 350 suka rasa aiki. Wanda ya san yadda Kakuri ta koma a Kaduna bayan da masaƙu suka yi shiru ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai Kakuri unguwa ce a cikin babban birni, mutum na iya fita ya nemi wani abin. New Lanark ba ta da komai sai masana'antar. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum kusan 2,500 ya koma 'yan gommai. A 1970 aka sayar da gine-ginen masana'antar ga wani kamfanin gwangwan, tsakar wurin ta cika da tarkacen ƙarfe, rufin makarantar Owen ya rufta. Har an fara maganar rushe garin baki ɗaya.

Waɗanda suka cece shi ba attajiri ɗaya ba ne. Tun 1963 an kafa wata ƙungiyar gidaje da ta fara gyaran layin Caithness. A 1974 aka kafa gidauniyar adana garin, da haɗin gwiwar hukumomin yankin da masu kishin kayan tarihi, aka riƙa amfani da shirye-shiryen gwamnati na samar wa marasa aiki abin yi wajen gyaran gine-ginen, ɗaya bayan ɗaya. A 1983 hukuma ta yi amfani da ikon doka ta karɓe masana'antar daga hannun masu gwangwan. An mai da ɗaya daga cikin gine-ginen masana'antar otal a 1998, aka farfaɗo da injin ruwan yana ba da lantarki, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Yau akwai mutane a cikin gidajen nan na dutse, wasu haya suke a hannun gidauniyar, wasu sun saya. Ba su fi ɗari biyu ba. Suna da ƙuri'a a ƙaramar hukumar South Lanarkshire da majalisar Sikotlan, kuma rasa aiki ba ya nufin a fitar maka da kaya waje. Amma wanda ya zauna a garin da duniya ke zuwa kallo, dole ya bi ƙa'idar masu adana shi. Katakon taga fari za a shafa masa, kamar na maƙwabci. Wayar lantarki da ta tarho ta ƙarƙashin ƙasa ake binne su. Ba a yarda ka kafa eriya ko farantin satalayit a jikin bangonka ba.